Karon Adireshi a Ƙananan Ofisoshin Tumfure: Martani ga Mai Kiran a Kashe DHCP

A cikin 'yan rubuce-rubucen da ake yi da Hausa kan gyaran kwamfuta da haɗa na'urori, an sami wani marubuci da ya ba masu ƙananan ofisoshi da shagunan buga takardu na unguwannin bayan garin Gombe, musamman Tumfure da ke kan hanyar Bauchi a Ƙaramar Hukumar Akko, shawarar cewa hanya mafi inganci ta kauce wa karon adireshi ita ce a kashe tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, a koma rubuta wa kowace na'ura lambarta da hannu. Ya kafa ra'ayin nasa a kan hujjoji uku: ta farko, cewa yawan ɗaukewar wuta yana sa rauta ta manta abin da ta raba, ta biyu, cewa firinta da kyamarar tsaro suna bukatar adireshin da ba ya sauyawa, ta uku, cewa kashe tsarin yana hana baƙo shiga ya shanye wa ofis data. Marubucin ya ga cuta ta gaskiya, kuma hujjarsa ta farko tana da nauyin da ya kamata a ba ta haƙƙinta, sai dai maganin da ya rubuta yana cikin manyan abubuwan da ke haddasa cutar, domin karon adireshi yakan taso ne idan masu rabo suka fi ɗaya kuma babu rajistar da suka haɗu a kanta, shawararsa kuwa tana mayar da duk wanda ya taɓa wata na'ura a ofis mai rabo.

Kafin a auna hujjojin, wajibi ne a fayyace abin da ake magana a kansa. Adireshin IP lamba ce da kowace na'ura ke ɗauka idan ta shiga haɗakar sadarwa, wato tarin na'urorin da kebul ko waifai ya haɗa wuri guda, kuma da ita ake gane inda saƙo zai dosa. Tsarin da har yanzu ya fi yawa a gidaje da ofisoshi shi ne zubi na huɗu, IPv4, wanda aka bayyana a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 791 a shekarar 1981. Ana rubuta shi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255, kuma jimillar adireshin da zai iya bayarwa ta kai kusan biliyan 4.3. Da yake an hango cewa adadin ba zai ishi duniya ba, sai aka keɓe wasu rukunai a takardar RFC 1918 ta shekarar 1996 domin amfanin cikin gida, su ne masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 har zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168, kuma kowa yana iya amfani da su ba tare da neman izini ba, saboda ba sa fita bainar intanet. Rauta, wato na'urar da ke tsaye tsakanin ofis da kamfanin sadarwa, ita ce ke musanya su da adireshin waje idan saƙo zai fita. Shi ya sa shago a Tumfure da wani a Pantami za su iya riƙe 192.168.0.20 a lokaci guda ba tare da wata matsala ba, amma da zarar na'urori biyu sun riƙe wannan lamba a cikin shago ɗaya sai aiki ya rikice. Ofishin da rautarsa ke kan tsarin da aka saba yana da adireshi 254 da zai iya amfani da su, saboda haka ƙarancin lamba ba ya cikin dalilan karo a wurin da ke da na'ura 20 ko 30.

Ban da adireshin IP, kowace na'ura tana da wata lamba ta biyu da masana'anta ta ɗora mata, ana kiranta adireshin MAC, mai alamomi 12 haɗin lambobi da haruffa daga A zuwa F, kuma da wannan lamba ce saƙo ke tafiya a zahiri a kan kebul ko ta iska. Abin da ke haɗa lambobin biyu wata ƙa'ida ce mai suna ARP, wadda David Plummer ya rubuta a shekarar 1982 a takardar RFC 826: idan kwamfuta tana son aika takarda zuwa firinta, sai ta yi shela ga dukkan na'urorin da ke haɗakar tana tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza, mai riƙe da shi ya amsa da lambarsa ta MAC, ita kuma ta adana amsar na ɗan lokaci. Ƙa'idar ba ta da hanyar tantance mai gaskiya. Idan na'urori biyu suka amsa, kwamfutar takan ɗauki ɗaya yanzu, anjima ta ɗauki ɗayar, kuma wannan ne ya sa alamun karo suke zuwa suna tafiya: firinta ta buga da safe ta ƙi da azahar, hoton kyamara ya tsaya sannan ya dawo, intanet ya yanke wa mutum ɗaya alhali na kusa da shi yana aiki. Saboda wannan ɗabi'a ta zuwa da tafiya ne mutane suke ɗora laifin a kan sabis, su yi ta cire sim suna mayarwa, alhali matsalar ba ta fita daga ɗakin ba.

Tsarin da marubucin yake so a kashe shi ne DHCP, wanda Ralph Droms ya rubuta ƙa'idarsa da ake aiki da ita yanzu a takardar RFC 2131 ta shekarar 1997. Aikinsa ba da aron adireshi ne na wani wa'adi. Na'urar da ta shigo takan yi shelar neman mai rabo, mai rabon, wanda a ƙaramin ofis rauta ce, ya miƙa mata tayi, ta amsa cewa ta karɓa, shi kuma ya tabbatar ya rubuta a rajistarsa cewa lamba kaza tana hannun MAC kaza har zuwa lokaci kaza. Idan rabin wa'adin ya cika sai na'urar ta nemi sabuntawa, idan ba ta samu amsa ba ta sake nema ga kowane mai rabo bayan kashi 87.5 cikin 100 na wa'adin, idan ya ƙare ba sabuntawa sai ta saki adireshin. Abin da marubucin bai ambata ba ko kaɗan shi ne matakan kariya da ke cikin tsarin: ƙa'idar ta shawarci mai rabo ya gwada adireshi kafin ya bayar da shi, ta kuma shawarci mai karɓa ya bincika ta hanyar ARP, idan ya tarar akwai mai riƙe da shi ya aika saƙon ƙin karɓa domin a ba shi wani. Takardar RFC 5227 da Stuart Cheshire ya rubuta a 2008 ta ƙara fayyace binciken, inda na'ura za ta yi tambaya sau uku kafin ta fara amfani da lamba. Ma'anar wannan ita ce na'urar da ke karɓar adireshi ta DHCP tana da wurin komawa idan ta yi karo, wadda aka rubuta wa da hannu kuwa ba ta da wanda za ta roƙa ya canja mata, sai dai ta zauna a katse har mai gyara ya zo.

Hujjar wuta ita ce mafi ƙarfi a rubutun nasa, don haka ta cancanci a daɗe a kanta. Gombe tana samun wuta ne ta hannun kamfanin rarraba lantarki na Jos, wanda ke kula da jihohin Filato da Bauchi da Binuwai da Gombe, kuma mazauna garin ba su manta da watan Afrilun 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos, abin da ya jefa Gombe da maƙwabtanta cikin duhu na makonni. Amma irin wannan doguwar ɗaukewa ba ta haddasa karo, domin komai yakan mutu tare ya tashi tare, kowace na'ura ta nemi sabon aro. Haɗarin yana cikin 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗauke wutar Nepa da tashin janareta, ko lokacin da ake juya canji daga wannan layi zuwa wancan. Ƙananan rautoci da yawa suna ajiye rajistar aro ne a ma'adanar da ke gogewa idan wuta ta yanke, saboda haka rauta takan farfaɗo da rajista wayam, alhali laftof da waya, da duk abin da ke kan inbata, ba su mutu ba kuma suna riƙe da tsofaffin lambobinsu. Lamarin ya fi muni a ofishin da aka sa suwic, wato akwatin da ke tara kebul ɗin kwamfutoci, a kan inbata amma aka bar rauta a kan soket na Nepa, domin kwamfutocin da ke kan kebul ba za su ga alamar an yanke layi ba, ba za su sake tuntuɓar mai rabo ba sai rabin wa'adi ya cika, rauta kuwa tana iya miƙa lamba ta farko a rumbunta, wato zangon lambobin da take rabawa, ga wayar da ta fara shigowa ko da wata kwamfuta tana riƙe da ita. Idan wayar ta yi binciken da ƙa'ida ta tanada za ta ƙi karɓa, amma akwai na'urori masu araha da ba sa yi, kuma kwamfutar da ke barci ba lallai ta amsa tambaya ba.

Har zuwa nan marubucin yana da gaskiya, kuma duk wanda ya musa wannan bai zauna a ofishin da ake tayar da inji sau da yawa a yini ba. Inda ya kauce shi ne a tsalle daga wannan dalili zuwa kashe tsarin gaba ɗaya. Matsalar da ya gano ita ce mai riƙe da rajista yana mutuwa yana barin waɗanda ya ba aro a raye, kuma gyaranta shi ne a hana shi mutuwa. Ƙaramar rauta ba ta kai wat 20 ba a galibi, yawancinsu kuma suna aiki ne da bolt 9 ko 12, saboda haka mayar da filoginta kan layin inbata, ko saya mata ƙaramin akwatin batir irin wanda ake yi domin rautoci, ya isa ya toshe wannan kafa. Wanda ba shi da halin ko ɗaya yana da wata hanya da ba ta cin ko kwabo, wato keɓe adireshi a cikin rauta, wadda za a zo kanta, domin keɓewar tana cikin saitin dindindin da ɗaukewar wuta ba ta gogewa.

Tsarin rubutawa da hannu bai kawar da bukatar rajista ba; ya ɗauke ta ne daga rauta ya ɗora wa mutum, kuma tambayar da marubucin ya kamata ya yi wa kansa ita ce wane mutum. A shagon buga takardu ko ƙaramar makaranta ko ɗakin shan magani na unguwa, wanda ya haɗa kwamfutoci daban yake da wanda ya kafa kyamarori, wanda ya kawo firinta ya zo ne daga cikin gari kuma ba zai dawo ba sai an kira shi, mai kula da ofis yau kuma yana iya zama ɗan hidimar ƙasa da zai tafi bayan shekara guda. Rajistar takan kasance takarda ce da aka manna a bango kusa da rauta, wadda ƙurar hunturu da zafin bazara suka dusar da tawadarta, an soke wasu layuka an rubuta wasu a gefe da biro daban, na'ura uku da aka ƙaro daga baya kuma ba su shiga ba. Mazauna Tumfure, inda gonaki suka zama filayen gini bayan ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, sun san yadda fili ɗaya kan faɗa hannun mutum biyu idan dillali da magada kowa yana yanka yana sayarwa da tasa takarda, kuma sun san dalilin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar GOGIS domin a tattara bayanan filaye wuri ɗaya. Shawarar marubucin daidai take da cewa a rufe ofishin rajista saboda wani lokaci yana kuskure, kowa ya koma rubuta takardarsa.

Akwai kuma na'urorin da ke zuwa daga masana'anta da adireshi a rubuce, kuma su ne shaida mafi bayyana a kan illar lambar da ba ta sauyawa. Kyamarorin Hikvision da yawa suna fitowa da 192.168.1.64, na Dahua da yawa kuma da 192.168.1.108, saboda haka mai kafa kyamara huɗu iri ɗaya da ya jona su gaba ɗaya kafin ya sauya wa kowace lambarta ya haɗa karo da hannunsa tun ranar farko, kuma duk kyamarar da aka danna wa maɓallin mayarwa yadda ta fito za ta koma kan wannan lamba ba tare da sanin kowa ba. Sannan ga wata ɗabi'a da duk mai sana'a a Gombe ya sani, wato sauya layi idan sabis ya yi rauni: yau ofis yana kan ƙaramar rautar aljihu ta Huawei mai 192.168.8.1, gobe an ɗauko ta TP-Link mai 192.168.0.1 an sa mata wani sim, jibi mai ofis ya sayi Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023 kuma rautarta ke kan 192.168.1.1. Na'urar da ke kan DHCP takan karɓi sabon adireshi da sabuwar ƙofar fita, wato adireshin rautar da saƙo zai bi ya fita waje, da zarar ta haɗu. Wadda aka rubuta wa da hannu kuwa za ta ci gaba da neman ƙofar da babu ita, kuma sai an bi kwamfuta 15 ɗaya bayan ɗaya ana gyara adireshi da ƙofar fita da adireshin uwar garken da ke fassara sunayen shafuka, a irin gaggawar da ake maimaita lamba ba a sani ba.

Babban abin da rubutun nasa ya tsallake shi ne rauta ta biyu, alhali tana cikin dalilan karo da aka fi cin karo da su a gidaje da ofisoshi. Gidajen Tumfure na bulo ne, da yawa masu faɗin harabar da waifai ɗaya ba ya ratsawa, saboda haka mai gida yakan sayo wata rautar ya ja mata kebul zuwa ɓangaren baya ko bene. A bayan irin wannan rauta akwai ramukan kebul, galibi huɗu masu launi ɗaya da aka rubuta wa LAN, da guda ɗaya mai launi daban da aka rubuta wa WAN. Idan aka soka kebul ɗin da ya taso daga rauta ta farko a ɗaya daga cikin ramuka huɗun ba tare da an taɓa saiti ba, to an sami masu rabo biyu a haɗaka ɗaya, kowa da rajistarsa, kowa yana amsa shelar sabuwar na'ura, wanda ya riga amsawa shi ake bi, kuma idan rautocin na kamfani ɗaya ne to daga rumbu iri ɗaya suke rabawa. Mafi muni, su kansu rautocin biyu suna riƙe da lamba ɗaya, misali 192.168.0.1, kuma tun da wannan lamba ita ce ƙofar fitar kowa, karon yakan shafi ofis gaba ɗaya: saƙon da aka nufa da intanet wani lokaci ya faɗa hannun rautar da ba ta da layin waje ya ɓace. Mai yiwuwa ne a irin wannan wuri marubucin ya ga hanyarsa ta kawo sauƙi, domin wanda ya kashe DHCP a ko'ina ya kashe mai rabo na biyu tare da na farko; amma hanyar ba ta taɓa karon da ke tsakanin rautocin kansu, kuma shi ne mafi ɓarna. Gyaran da ya dace ɗan ƙarami ne: a cire rauta ta biyu daga layi, a shiga saitinta ita kaɗai, a kashe rabon adireshi a kanta, a sauya lambarta zuwa 192.168.0.2, sannan a mayar da kebul. Sababbin rautoci da yawa suna da zaɓin da ke mayar da su tashar waifai kawai, wanda ke yin duk wannan da kansa.

Tun da marubucin ya ba da magani ba tare da ya koyar da gano cuta ba, ya dace a bayyana yadda ake binciken, domin ba kowace yankewa ce karo ba. A kan Windows, idan aka buɗe baƙin allon rubuta umarni aka rubuta ipconfig /all, za a ga adireshin kwamfutar, da ƙofar fita, da adireshin wanda ya ba ta aro, da lokacin da aron zai ƙare. Idan kwamfutoci biyu na ofis ɗaya suka nuna masu rabo daban-daban, to an kama rauta ta biyu. Idan adireshin ya fara da 169.254, wannan rukuni ne da takardar RFC 3927 ta 2005 ta bayyana domin na'ura ta ba kanta lamba, kuma yana nufin ko dai ba mai rabon da ya amsa, ko kuma kwamfutar ta tarar da wani a kan lambar da aka rubuta mata ta janye. A hali na biyu za a ga kalmar Duplicate a gefen lambar. Windows kuma yakan rubuta aukuwar a kundin tarihin ayyukansa da lamba 4199, tare da adireshin MAC na na'urar da aka yi karo da ita, kuma wannan layi guda yakan rage aikin yini zuwa na 'yan mintoci.

Idan babu wannan bayani, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kashe na'urar da ke kuka, ko a zare kebul ɗinta, sannan daga wata kwamfutar a rubuta ping tare da adireshin da ake zargi. Amsa daga lambar da mai ita yake a kashe hujja ce cewa akwai wani a kanta. Daga nan a rubuta arp -a, wanda zai jero adireshin IP da MAC da kwamfutar ta adana, kuma yana da kyau a duba wannan jeri ko da ping bai samu amsa ba, domin katangar tsaro ta wasu kwamfutoci tana ƙin amsa ping amma ba ta iya ƙin amsa ARP. Alamomi shida na farko na MAC suna nuna masana'anta, domin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ke raba su kuma jerin a buɗe yake ga kowa, saboda haka mai bincike zai san ko kyamara yake nema ko firinta ko rauta, sannan ya juya na'urorin ya gwada da 'yar takardar da aka manna a ƙasansu. Idan duk wannan ya faskara, sai a tsaya gaban suwic a bar ping yana tafiya ana zare kebul ɗaya bayan ɗaya har amsa ta tsaya. Bayan an gyara mai laifin, ipconfig /release da ipconfig /renew za su sa kwamfutar ta saki tsohon aro ta karɓi sabo.

Hujjarsa ta biyu gaskiya ce a kan bukata, kuskure ce a kan hanya. Firinta da kyamara da na'urar adana hotunan kyamara da kwamfutar da ke riƙe da bayanan ciniki duk suna bukatar lambar da ba ta sauyawa, tun da sauran na'urori da lamba suke nemansu. Amma DHCP yana da tanadin wannan, wato keɓewa: ana shiga saitin rauta a ɗaure wani adireshi da wani MAC, ta yadda duk lokacin da firintar ta nemi aro lamba ɗaya za a ba ta, kuma ba za a ba wani ita ba ko firintar ta kwana a kashe. Da haka an sami tabbacin da marubucin yake nema, rajista kuma ta zauna wuri ɗaya inda mai gyara na gaba zai buɗe ya gani. 'Yan na'urorin da ya dace a rubuta wa da hannu, irin su rauta ta biyu da suwic mai saiti, sai a ba su lambobi daga wajen rumbun rabo, wato zangon da rauta ke ɗiba tana bayarwa. Idan aka tsayar da rumbun daga 100 zuwa 249, aka bar 2 zuwa 49 domin rubutun hannu, to ɓangarorin biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a rubuta wa firinta 192.168.0.101 da hannu saboda ita ce lambar da aka gani a kanta ran nan, alhali lambar tana cikin rumbu kuma rauta ba ta san an ɗauke ta ba. Ranar da aka kashe firintar da wuri, wayar wani abokin ciniki za ta samu lambar, washegari kuma a ce firinta ta lalace. Wasu rautoci suna so keɓewa ta kasance cikin rumbu, wasu suna karɓarta a waje, saboda haka sai an duba abin da ke gaba.

Hujjar tsaro ba ta bukatar dogon bayani. Wanda ya san kalmar sirrin waifai ya riga ya shiga, kuma lambobin cikin gida sanannu ne ta yadda zai iya rubuta wa wayarsa ɗaya cikin minti guda. Tun da ba ya ganin takardar bango, lambar da zai ƙaga tana iya zama ta kwamfutar mai karɓar kuɗi. Abin da ke hana baƙo shi ne kalmar sirri mai ƙarfi a kan tsarin kulle waifai na WPA2 ko WPA3, da sauya ta idan ma'aikaci ya bar aiki, da buɗe wa abokan ciniki layin baƙi daban.

Adalci ya bukaci a faɗi inda hanyar marubucin za ta iya tsayawa, da kuma inda hanyar keɓewa take da rauni. A wurare irin cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, waɗanda suka yawaita bayan hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, kowace kujera tana da lamba, kwamfutoci ba sa motsi, baƙuwar waya ba ta shiga, kuma mutum ɗaya ne ke da alhakin komai. A irin wannan rufaffen ɗaki rubutun hannu yana iya tafiya lafiya, domin mai rabo ɗaya ne ko da mutum ne. Sharuɗɗan nan huɗu babu ko ɗaya a shagon da ke bakin hanyar Bauchi. Raunin keɓewa kuwa yana wajen wayoyi: tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, waya takan ƙirƙiri MAC na wucin gadi ga kowace waifai domin kada a bi sawun mai ita, kuma wannan lamba tana iya sauyawa, wanda ke sa keɓewar ta daina aiki, binciken masana'anta ma ya ƙi ba da amsa. Ana gane irin wannan lamba idan alamarta ta biyu ta kasance 2 ko 6 ko A ko E. Sai dai waya ba ta cikin abin da ake nema da lamba, saboda haka ba ta bukatar keɓewa. Illarta ita ce cika rumbu a wurin da baƙi suke da yawa, kuma ana maganin wannan ta rage wa'adin aro zuwa 'yan sa'o'i. Akwai kuma ƙananan rautocin aljihu da ba su da zaɓin keɓewa sam, kuma ofishin da ya dogara da irinsu yana da hanya biyu: ko dai ya sayi rauta ta sosai ya bar ta aljihun ta zama mai kawo layi kawai, ko kuma ya duba inda rumbunta ya fara da inda ya ƙare, ya rubuta wa firinta da kyamara lambobi daga wajen wannan zango, sauran na'urori kuma ya bar su suna karɓar aro.